Hoton Bakin Ruwa a Duwatsun Karolina: Daga Ƙasa Ake Ɗauka

Sana'ata ɗaukar hoto, kuma a nan Greensboro galibin aikina na mutanenmu ne: biki, suna, yaye ɗalibai a jami'o'in A&T da UNCG, sai hotunan Sallah. A 'yan shekarun nan wata buƙata ta yawaita. Amarya ko uwargida za ta turo mini hoton da ta gani a Instagram, mace tsaye a kan dutse ruwa na kwararowa ta bayanta, ta ce, "Malam, irin wannan muke so." Ba na ƙi, domin wuraren sun cancanci a je a gani. Sai dai akwai maganar da nake yi wa kowa kafin a tada mota, kuma ganin yadda 'yan'uwa ke fita su kaɗai da wayoyinsu, gara in rubuta ta kowa ya samu.

Greensboro ba garin duwatsu ba ne. Tafkunanmu uku, Brandt da Townsend da Higgins, madatsun ruwan sha ne na gari, kuma an hana iyo a cikinsu. Mai son ruwan dutse sai ya yi tafiya. Mafi kusa shi ne Hanging Rock da ke gundumar Stokes, wajen sa'a ɗaya a mota, inda akwai tafkin da aka gina a shekarun 1930 da ƙananan magangarun ruwa irin su Lower Cascades da Window Falls. Wanda ya ƙara gaba ta hanyar 421 zuwa Boone da Blowing Rock, wajen sa'o'i biyu, zai hau Blue Ridge Parkway, titin nan mai mil 469 da ke bin ƙololuwar duwatsu.

A can akwai wurare biyu da ya kamata mutumin Greensboro ya sani, don da arzikin garin nan aka same su. Bass Lake yana cikin gandun Moses Cone, mai masaƙun yadin jins, wanda babban asibitinmu ke ɗauke da sunansa. Gidansa na hutu, Flat Top Manor, yana nan a saman tudu yana kallon tafkin. Mil kaɗan gaba sai Price Lake, a filin Julian Price, shugaban kamfanin inshora na Jefferson Standard, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1946 aka ba gwamnati filin don tunawa da shi. Duk iyalin da suka zo mini da tsofaffi ko ƙananan yara, nan nake kai su. Hanyar da ta kewaye Bass Lake shimfiɗaɗɗiya ce, keken jariri ma yana bi. A Price Lake kuwa, idan aka isa da sassafe kafin iska ta motsa, dutsen Grandfather yana fitowa tar a fuskar ruwa, a watan Oktoba ga ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa. Shadda ba ta taɓa yin kyau a hoto kamar a wannan hasken ba. Price Lake ma ba a iyo a cikinsa.

Tafki bai cika ba ni tsoro ba. Damuwata rafi ne da magangarar ruwa, kuma dalilin yana cikin inda muka taso. Mutumin Maraɗi ya san gulbi mai yashi a ƙasa, wanda da rani ake takawa a tsallake. Na Kano ya san Tiga da Bagauda. Ƙafarmu ta saba da yashi da laka, masu riƙe mutum. Rafin dutse ƙasansa dutse ne da ruwa ya goge shekaru aru-aru, a kansa kuma akwai gansakuka siririya wadda sau da yawa ido ba ya gani. Dutsen zai yi kamar busasshe, amma santsinsa kamar an shafa masa miyar kuɓewa. A ƙasan magangara, wanda ya zame zai ji ciwo ya tashi. A samanta, ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa ya ja shi zuwa baki, kuma babu abin kamawa. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji a yammacin jihar nan ta Karolina suke nanata gargaɗi ɗaya duk shekara, cewa kada a hau saman magangara, kada a shiga ruwan da ke samanta. Ba baƙi kaɗai abin ke ci ba. Elisha Mitchell, malamin jami'a a Chapel Hill wanda aka sa wa dutse mafi tsawo a gabashin Amurka sunansa, a 1857 ya zame a bakin wata magangara ya mutu, alhali ya yi shekaru yana auna waɗannan duwatsun.

A matsayina na mai hoto, abin da ya fi ba ni takaici shi ne a saman babu ma hoton. Wanda ya tsaya can ba ya ganin ruwan da ke zuba, yana ƙarƙashinsa. Duk hoton da ya burge ku, daga ƙasa aka ɗauke shi, ko daga dandamalin katako da aka yi wa masu kallo. Nakan tsayar da mutum a busasshiyar ƙasa, nesa da ruwan, ni kuma in ja baya sosai in zuƙo. Gilashin zuƙowa yana matse tazara, sai a ga kamar ruwan na zuba a kafaɗarsa. Waya ma tana yin haka idan aka danna 2 ko 3 aka matsa baya. Ruwan nan da ke fitowa fari sumul kamar auduga, sirrinsa a kafa kyamara kan ƙafafunta uku a bar idonta a buɗe kamar rabin daƙiƙa. Ranar da gari ya yi lumshi ta fi ranar da rana ta take, domin rana tsaka tana ƙone farin ruwa ta sa fuska ta yi duhu.

Sai maganar kaya, wadda ta fi shafarmu. Muna zuwa hoto da babbar riga, da leshi mai jan ƙasa, da takalmi mai tsini ko silifas. Hajiya, ki sa takalmin roba mai riƙe ƙasa ki yi tafiyar da shi, ki riƙo na kwalliyar a jaka, in an isa inda za a tsaya a sauya. Zani mai tsawo ma yana rufe takalmin, ba wanda zai gani. Alhaji, babbar riga idan ta jiƙe nauyi take yi, ta naɗe ƙafa da hannu, gwanin iyo ma sai ya sha wuya. Ruwan kuma sanyi gare shi ko a watan Yuli. A Sliding Rock da ke kusa da Brevard yakan tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyas. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa ba shiri, jikinsa na jan numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, in kansa na ciki ya shaƙi ruwa ke nan. Samari masu tsalle daga sama su sani cewa kwarmin da ruwa ke zuba a ciki yana juya mutum ya mayar da shi ƙasa, ga duwatsu da kututture a ɓoye. A Elk River Falls da ke gundumar Avery an sha fitar da gawa saboda wannan tsallen.

Ruwa yana iya ƙaruwa alhali inda kuke ko ɗigo bai sauka ba, don an yi shi a can saman dutse. Da kun ga ruwan ya fara canja launi zuwa ja, ko yana kawo ganye da ƙirare, ku tattara ku hau tudu. Tun guguwar Helene ta ƙarshen Satumban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 100 a jihar nan, rafuka da dama sun sauya hanya, gaɓoɓi sun zaizaye, an rufe sassan Parkway don gyara. Wurin da kuka sani a da ba lallai ya kasance yadda kuka bar shi ba.

Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi haramun ne a kan Parkway, a bar shi a gida. Waya kuma ba ta samun layi a kwazazzabai da yawa, kiran 911 ma yana iya gagara. Don haka kafin ku fita, ku duba shafin hukumar wurin ku ga hanyoyin da ke buɗe, ku faɗa wa wani a gida sunan inda za ku da lokacin dawowa. Idan da yara, a ware babba ɗaya wanda ba ya riƙe waya, aikinsa kallonsu kawai har a koma mota.