Tallafin Gwamnati Ga Ƙungiyoyin Manoma: Darasi Daga Ƙasar Citta Ta Kwoi

GABATARWA

Manomin citta na ƙasar Jaba ba ya buƙatar a ba shi labarin daminar 2023. Ana tsakiyar damina ganyen citta ya fara yin rawaya yana bushewa, da aka tona ƙasa sai aka tarar saiwar ta ruɓe. Annobar ta bi ta Kwoi da Kachia da Kagarko da ƙasar Jama'a, kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta cewa asarar ta haura Naira biliyan 12. A shekarar 2024 Asusun Bunƙasa Aikin Gona na Ƙasa, wato NADF, ya ware Naira biliyan 1.6 domin agaza wa manoman da abin ya shafa. Tun daga lokacin, duk inda na zauna da manoma a wannan yanki, tambayar da suka fi yi mini ita ce: ta wace hanya ake samun tallafin gwamnati?

Wannan darasi zai amsa maka tambayar. Amma ka sani tun da fari, agajin gaggawa irin na annoba abu ne da kan zo sau ɗaya ya wuce. Tallafin da ke gina gari yana da ƙa'idojinsa, kuma ƙungiyar da ta shirya kafin ya iso ita ce take cin moriyarsa.

KYAUTA, RANGWAME DA RANCE

Manoma da yawa kan kira duk abin da ya fito daga hannun gwamnati da suna tallafi, alhali kuwa iri uku ne, kuma rashin bambance su ya jefa mutane cikin wahala. Akwai rangwame, inda gwamnati ke ɗauke wani kaso na farashin kaya kai kuma ka biya sauran. Misalinsa shi ne shirin takin zamani ta wayar salula da aka fara a 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan gona, inda manomi kan sayi buhu biyu a kan rabin farashi. Akwai rance, irin shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba 2015. Wannan bashi ne, biyansa wajibi ne, ko da an ba ka shi a matsayin iri da taki. Mutane da dama sun karɓa suna zaton rabonsu ne na arzikin ƙasa, daga baya aka bi su da takardun neman biya.

Na uku shi ne tallafin da ba a mayarwa, wanda shi ne batunmu. Saboda haka kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka tambayi jami'in da ya kawo ta a fili: wannan kyauta ce, ko rangwame, ko rance? Idan rance ne, nawa ne kuɗin ruwa, kuma yaushe za a fara biya? Babu abin kunya a cikin wannan tambaya.

Ka kuma lura da cewa yawancin kuɗin waɗannan shirye-shirye rance ne mai sauƙin sharuɗɗa da Nijeriya ta karɓo daga Bankin Duniya. Abin da ya zo hannunka kyauta, bashi ne a wuyan ƙasa, kuma 'ya'yanka na cikin masu biya.

ABIN DA SHIRIN FADAMA YA KOYAR

Shirin Fadama na farko, wanda ya gudana daga 1993 zuwa 1999, ya mai da hankali ne ga noman rani: haƙa ƙananan rijiyoyi a fadamu da samar da injinan ban ruwa. An ƙara samun amfani, amma an tsara shi ne daga sama, kuma bai kula da makiyaya da masunta da sauran masu cin abinci a fadama ba, lamarin da ya ƙara rura saɓani a wasu wurare.

Da aka zo Fadama na biyu a 2004 sai aka sauya salo. Kaduna na cikin jihohin da Bankin Duniya ya tallafa wa a wannan zango. Aka ce jama'a su ne za su zaɓi aikin da suke so, su riƙe kuɗin, su kuma kula da aikin da kansu. Masu sana'a iri ɗaya kan haɗu su kafa ƙaramar ƙungiya: manoma daban, makiyaya daban, masu sarrafa amfanin gona daban, haka ma mata gwauraye da masu buƙata ta musamman. Waɗannan ƙananan ƙungiyoyi sai su haɗu a ƙarƙashin babbar ƙungiyar gari, su zauna su rubuta tsarin ci gaban yankinsu, su jera buƙatunsu daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa. Abin da ba ya cikin wannan tsari ba a ba shi kuɗi. Fadama na uku, wanda ya fara aiki a 2009 da Dala miliyan 250 daga Bankin Duniya, ya faɗaɗa wannan salo zuwa jihohi 36 da Abuja. A wannan shekarar ce kuma shirin CSDP ya fara aiki a kan irin wannan tafarki, sai dai shi ya fi karkata ga ayyukan jin daɗin jama'a, kamar azuzuwan makaranta da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse da kwalbati.

Dukkan waɗannan shirye-shirye wa'adinsu ya ƙare. Haka ma shirin APPEALS da aka amince da shi a 2017, wanda a Jihar Kaduna ya zaɓi citta da masara da madara, ya rufe a 2023. Suna kan canza, ofis kan canza, amma ƙa'idojin da Fadama ya kafa su ne waɗanda suka biyo baya suka gada: ana ba ƙungiya ne mai rajista, ana neman rubutaccen tsari, kuma ana neman ƙungiyar ta kawo nata kason.

KASON ƘUNGIYA

A nan ne ƙungiyoyi da yawa suke faɗuwa, don haka bari mu ɗan tsaya.

A tsarin Fadama, idan aikin na amfanin kowa ne, kamar hanyar karkara ko rumfunan kasuwa, jama'a kan kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, kuma ana iya biyan wannan da aikin ƙarfi ko yashi ko duwatsu. Idan kuwa kayan sana'a ne da ƙungiya za ta riƙa samun kuɗi da su, kamar inji, kasonta kashi 30 ne, shirin ya cika 70. Iri da taki kuma raba-daidai ake yi. Sabon shiri na iya zuwa da nasa lissafin, don haka ka tambaya, amma da wuya ka ga an cire kason gaba ɗaya.

A ce ƙungiyarku mai mutum 20 tana son injin tsaga citta, a ce kuma kuɗinsa Naira miliyan 2 ne. Kasonku Naira 600,000 ke nan, wato Naira 30,000 a kan kowane mutum. Idan sanarwar ta zo a watan Mayu, lokacin da kowa ya zuba abin hannunsa a iri da ciyawar rufe gona da ƙwadago, wa zai iya fitar da wannan kuɗi cikin mako biyu? Abin da kan faru shi ne wani mai hali, ko dillalin citta, ya biya wa kowa. Daga ranar injin ya zama nasa, ko da sunan ƙungiya ne a takarda. Amma da ƙungiyar ta saba tara wani abu a kowace kaka, a Nuwamba da Disamba lokacin da ake haƙar citta kuɗi na hannu, da kason yana banki yana jiran shirin.

Manoma kan ce mini kason zalunci ne ga talaka. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kashi 30 na da nauyi ga matar da mijinta ya rasu, kuma shi ya sa ya dace a sassauta wa masu rauni. Amma ban goyi bayan a cire shi ba. Na taɓa ziyartar wani ƙauye inda na tarar da injin niƙa da aka raba kyauta yana kulle a ɗaki kusan shekara biyu, saboda wani ɗan ƙarfe da ya karye wanda kuɗinsa bai kai na buhun masara ba. Kowa na jiran waɗanda suka kawo shi su dawo su gyara. Da sun zuba guminsu a ciki, da wuya ya yi mako guda a kwance.

Wannan ne ya sa Fadama na uku ya shar'anta wa ƙungiyoyi su riƙa ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin sayen sabon kayan a asusu kowace shekara. A misalinmu, Naira 200,000 ke nan a shekara, wadda za ta fito daga kuɗin da ake karɓa idan an tsaga wa mutane citta. Ku riƙa yin lissafin a kan farashin kasuwa na shekarar da kuke ciki, domin kuɗin da ya sayi inji bana ba zai saye shi ba bayan shekara biyar.

ME YA KAMATA MANOMIN KWOI YA NEMA?

Idan aka ce wa ƙungiya ta zaɓa, yawanci taki ake fara ambata. Taki na da amfani, amma damina ɗaya yake yi ya ƙare. Shawarata ita ce ku nemi abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba.

Na farko shi ne iri mai lafiya. A noman citta iri na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi, domin kadada ɗaya kan ci tan biyu ko fiye na saiwa. Cututtukan ruɓewar saiwa kuma suna bin iri da ƙasa da ruwan da ke kwarara daga gona zuwa gona. Manoman yankin sun daɗe suna juya Tafin Giwa da Yatsun Biri a tsakaninsu, wannan ya ba wancan, don haka idan cuta ta shiga iri sai ta game ko'ina. Ƙungiyar da ta nemi tallafin buɗe gonar iri ta haɗin gwiwa, a filin da ba a noma citta ba a shekarun baya kuma ruwa ba ya kwanciya, da irin da aka samo ta hannun malaman gona ko Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike, ta nemi abin da zai amfane ta shekaru masu yawa. Gonar da cutar ta kama kuwa a huta da citta a cikinta, a juya ta da masara ko dawa. Zuba sabon iri a tsohuwar gona mai cuta ɓarnar tallafi ce.

Na biyu shi ne wurin shanya. Kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyin ɗanyar citta ruwa ne. Idan aka tsaga ta aka baza a ƙasa ko a gefen titi, takan kwashi yashi da kashin dabbobi, idan kuma ba ta bushe da wuri ba sai ta yi fumfuna. Masu fitar da ita ƙasashen waje suna rage farashin irin wannan ko su ƙi saye. Dandamalin siminti mai shinge, da sito mai shan iska inda za a jera buhuna a kan katako, suna ba ƙungiya damar riƙe kayanta har farashi ya tashi, maimakon sayarwa a kaka lokacin da kasuwannin Kwoi da Kafanchan suka cika.

Kwalbati a kan rafin da ke hana mota shiga gonaki ma na cikin wannan sahu. Kuma tun da mata ne suka fi yin aikin wankewa da tsagawa da shanya, kada a zaɓi aiki sai an ji ta bakinsu.

SHIRIN DA ZA KU YI TUN YANZU

Ku yi wa ƙungiyarku rajista a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai, ku karɓi takardar shaida da rasit. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda ba a cire kuɗi sai mutum biyu ko uku sun sa hannu. Kowane ɗan ƙungiya ya mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN, kuma sunan da ke kansu ya zama iri ɗaya, domin saɓanin harafi guda kan sa a tsallake mutum. Ku riƙa rubuta abin da aka tattauna a kowane taro, da sunayen mahalarta, da kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Masu tantancewa suna gane ƙungiyar da aka kafa jiya don kuɗi da zarar sun buɗe littafinta, tun da tawada ɗaya ce da hannu ɗaya daga farko har ƙarshe.

Idan aikin na buƙatar fili, ku sami rubutacciyar yarda daga mai filin tare da shaidar dagaci ko hakimi. Dandamalin da aka gina a filin aro, ranar da mai filin ya rasu magada na iya kulle shi.

Labarin sabon shiri ku neme shi a wurin malamin gona na yankinku, ko sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Jaba a Kwoi, ko Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Kaduna da aka fi sani a da da KADP. Duk wanda ya aiko saƙo ta waya yana neman ku tura kuɗi asusunsa don ya saka sunanku, ko ya nemi lambar sirri ta katin banki, ku ɗauke shi ɗan damfara.

Lura: ko an amince da buƙatarku, kuɗin kan makara, wani lokaci saboda jiha ko ƙaramar hukuma ba ta biya nata kason ba. Citta kuwa ba ta jira. Afrilu zuwa Mayu ake shuka ta. Kada ku ci bashi da sunan tallafin da bai shiga asusu ba. Idan iri ya iso bayan lokacin shuka ya wuce, ku sanar da malamin gona a rubuce, ku nemi a ɗage rabon zuwa damina mai zuwa ko a musanya muku da irin da zai iya nuna a sauran kwanakin ruwa.