In A-Kori-Kura Ta Fara Tari da Fizga

A-kori-kura ce ke kai hatsi kasuwa, ita ke kawo taki gona. Da yawa daga cikin waɗanda ke bin hanyoyinmu sun tsufa, irin su Peugeot 404 da 504 da tsohuwar Toyota Hilux. Wata rana direba zai taka totur, sai motar ta ciccije, ta yi tari, ta riƙa fizga kamar za ta mutu. Wannan darasi zai nuna maka yadda ake gano dalili a injin fetur mai kafireta.

Abubuwa uku

Murhu ba ya ci sai da itace da iska da wuta. Haka inji yake. Yana buƙatar mai, da iska, da wutar fulogi. In ɗaya ya gaza, mota za ta yi tari.

Lura da lokacin da take yi

In tana fizga a hawan tudu ko da kaya mai nauyi, galibi mai ne ba ya isowa. In da sassafe ne ko bayan ruwan sama, a zargi danshi a wajen wuta. In kuwa ta fara ne daga shan mai, a zargi man da aka sha.

1. Mai

Fara da filtar mai. Tsohon tanki yana tsatsa, tsatsar kuma tana toshe filta. Canza ta, ba ta da tsada. Sannan ka zuba ɗan mai a kwalba mai tsabta, ka bari ya natsu. In akwai ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa, domin ruwa ya fi fetur nauyi. Sai a wanke tanki. In filta sabuwa ce, mai kuma lafiya lau, a gwada famfon mai.

2. Iska

Ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye tana cika filtar iska. Inji sai ya shaƙe, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ya yi ta shan mai. Cire filtar ka ɗaga ta ga rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Duba ƙananan tiyo na roba da ke kewaye da kafireta. Wanda ya tsage yana jawo iskar da ba a so.

3. Wuta

Inji mai silinda 4 yana da fulogi 4. Kwance su ɗaya bayan ɗaya, ka dubi bakinsu. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙin gawayi a bushe yana nufin mai ya yi yawa. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan. In fulogi ya jiƙe da baƙin mai, man juye ne ke shiga silinda, wannan kuma aikin bakanike ne. Goge cikin murfin distirbuto da busasshen tsumma. Da dare, ka ta da mota ka buɗe bonet. In ka ga tartsatsi a jikin wayar fulogi, ta lalace.

Kiyaye lafiyarka

Kada ka sha taba kusa da fetur. Kada ka zuƙe shi da baki. Kada ka taɓa wayar fulogi inji yana aiki. Bari ya huce kafin ka sa hannu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku inji yake buƙata?
2. Yaya ake gane akwai ruwa a cikin mai?
3. Me baƙin hayaƙi yake nunawa?

Abin tunawa

Kada ka yarda a kwance kafireta ko a sauke inji kafin a duba filta da fulogi. Fara da mai sauƙi da araha. In ka je gareji, faɗa wa bakanike lokacin da motar take tari da abin da ka riga ka duba. Hakan zai rage maka kashe kuɗi da ɓata lokaci.