Tsoron Ƙuruciya Da Hakkin Yaro A Kan Manyansa

Darasin wannan mako ya shafi yaran ƙasar Birnin Gwari waɗanda suke gab da balaga.

A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Gwaska, suka kashe mutane fiye da 40. Yaron da yake da shekara 6 a wannan rana ya cika 13 a 2025. Ire-irensa suna da yawa a garuruwan da ke gefen dajin Kamuku da na Kuyambana. Sun yi wayo cikin ƙarar bindiga, sun kwana a jeji, wasu ma an tafi da mahaifinsu suna kallo. A ƙarshen 2024 an yi sulhu, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma zuciyar yaro ba ta jin labarin sulhu.

Likitoci sun bayyana cewa idan tsoro ya yi ta maimaituwa a shekarun da ƙwaƙwalwa take ginuwa, sai jiki ya saba da zaman ɗar-ɗar, ko da abin tsoron ya gushe. Alamar ba ta faye fitowa nan take ba. Sai yaro ya tasa a ga yana firgita cikin barci, yana zabura in babur ya wuce, ga saurin fushi, ga hadda ta ƙi zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin cututtukan da ke taɓa hankali suna somawa ne kafin shekara 14. Wannan ilmi kuwa ba baƙo ba ne ga Musulmi, domin Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya lissafa tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi cikin cututtukan da ake yi wa magani, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus.

Mai nazarin Sira zai ga abin lura. Manzon Allah (S.A.W.) yana da shekara 6 mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i, a kan hanya, nesa da gida. Ummu Aimana ta komo da shi Makka, kakansa Abdul Muɗɗalibi ya riƙa zaunar da shi a kan shimfiɗarsa a inuwar Ka'aba, inda 'ya'yansa ma ba sa hawa. Da kakan ya rasu yana da shekara 8, sai Abu Ɗalibi ya karɓe shi. Watau duk sa'ad da hannu ɗaya ya saki, wani ya kama. Binciken zamani ma ya nuna cewa babbar garkuwar yaron da ya ga tashin hankali ita ce babban mutum guda wanda ba ya gajiya da shi. Kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi ya tsaya yana lallashin Abu Umairu, ƙanen Anas, don ɗan tsuntsunsa ya mutu. Tsuntsu fa! To, ina ga wanda ya rasa uba?

Saboda haka malamin allo ko na Islamiyya da ya ɗaga bulala a kan irin wannan yaro, yana zaton taurin kai yake gyarawa, lalle tsohon miki yake famawa. Abin da ya kamata shi ne a rage masa darasu, a daina yi masa tsawa, a saurare shi in ya so magana, kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani. Iyaye kuma kada su yi gaggawar cewa aljanu ne. A tofa masa addu'a da safe da maraice, sa'an nan idan ya daina cin abinci, ko ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara zancen mutuwa, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. In ciwon ya fi ƙarfin na gida, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa, Kaduna. Wallahu a'alamu.