Duwatsun Sudeten da Jamusawansu

A farkon shekarun 1960, unguwar Ma'adi da ke kudancin Alƙahira ta karɓi baƙi Jamusawa da 'yan Austiriya masu yawa. Gwamnatin Gamal Abdul Nasir ce ta ɗauko su domin ƙera jiragen yaƙi a Helwan da kuma makamai masu linzami. Daga cikin mashawartan wannan aiki akwai Eugen Sänger, wanda aka haifa a 1905 a garin Pressnitz. Bajamushe ne ta fuskar harshe, amma garinsu yana ƙasar Bohemiya, wato yammacin Jamhuriyar Czech ta yau. Irin waɗannan mutane su ake kira Jamusawan Sudeten.

Sudeten jerin duwatsu ne da ke kan iyakar Czech da Poland, har ya taɓo gabashin Jamus. Dutse mafi tsawo a cikinsu shi ne Sněžka, mai tsawon mita 1,603. Daga baya aka faɗaɗa sunan, ya haɗa dukan Jamusawan da ke zaune a duwatsun da suka kewaye Bohemiya da Morabiya.

Tun ƙarni na 13 sarakunan Bohemiya suka gayyato Jamusawa domin su sare daji, su haƙo ma'adinai, su kafa garuruwa. A garin Joachimsthal aka buga wani kuɗin azurfa a ƙarni na 16, mai suna "thaler". Daga wannan suna ne kalmar "dala" ta samo asali. Garin Gablonz kuwa ya shahara wajen yin duwatsun wuya na gilashi, waɗanda fatauci ya kai su har kasuwannin Afirka ta Yamma.

Muddin daular Austiriya tana mulki, harshen Jamusanci shi ne kan gaba. Amma da daular ta rushe a 1918, aka kafa ƙasar Czechoslovakia, sai Jamusawa fiye da miliyan 3 suka wayi gari su ne 'yan tsiraru. Karyewar tattalin arzikin duniya a shekarun 1930 ta rufe masaƙu da masana'antun gilashi, rashin aiki ya yi kamari. A zaɓen 1935, jam'iyyar Konrad Henlein ta sami kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Jamusawa, kuma ta koma bin umarnin Hitler.

A ƙarshen Satumba 1938, shugabannin Jamus da Italiya da Ingila da Faransa suka zauna a birnin Munich, suka miƙa wa Hitler yankin. Ba a bai wa Czechoslovakia kujera a zaman ba. Tare da duwatsun ta rasa ganuwar tsaronta, don haka a Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga birnin Prague ba tare da yaƙi ba.

Bayan an ci Jamus da yaƙi a 1945, sai reshe ya juye da mujiya. Gwamnatin Edvard Beneš ta ƙwace dukiyar Jamusawa da 'yancinsu na zama 'yan ƙasa. Tsakanin 1945 da 1946 aka kori kusan mutum miliyan 3 zuwa Jamus da Austiriya, dubbai suka mutu. Laifin magoya bayan Hitler ya shafi har da mata da yara da wasu da suka yi adawa da shi. Ƙauyuka da dama suka zama kufai. Shi kansa Pressnitz, a shekarun 1970 aka rushe shi, ruwan madatsa ya rufe wurin.

Sai a Janairu 1997 Helmut Kohl da Václav Klaus suka sa hannu a wata sanarwa, inda Jamus ta ɗauki alhakin mamaya, Czech kuma ta nuna nadama kan wahalar da korar ta jawo wa marasa laifi.

Tambayoyi

1. Me ya kai Jamusawa duwatsun Bohemiya?
2. Ina asalin kalmar "dala"?
3. Mece ce ma'anar "reshe ya juye da mujiya" a wannan darasi?
4. Shin daidai ne a hukunta al'umma baki ɗaya saboda laifin shugabanninta? A kawo dalilai.