Amsar Tambaya: Rage Nauyin Fayil ɗin PowerPoint

Tambaya: Wata ɗaliba ta koka cewa fayil ɗinta na PowerPoint ya yi nauyin da ba ya aikuwa ta Gmail.

Amsa: Ɗalibar ta kwantar da hankalinta, domin iyakar Gmail megabait 25 ce, kuma galibi hotunan waya ne ke kumbura fayil. Sai ta danna hoto ɗaya, ta shiga Compress Pictures, wato umarnin matse hotuna, ta cire alamar da ke taƙaita aikin ga hoton kaɗai, sannan ta zaɓi 150 ppi, ma'aunin kaifin hoto da ya wadatar a majigi. Bidiyo kuwa, gara ta ɗora shi a Google Drive ta saka mahaɗinsa. Kada ta matse hotunan kafin ta ajiye kwafin asali, saboda kaifin da aka rage ba ya dawowa.