Bugun Kai: Raunin da Ido Ba Ya Gani

Jama'a, in mutum ya yanke da lauje, mu kan ga jini mu yi maza mu ɗaure. Amma in yaro ya faɗo daga kan mangwaro ya bugu a kai, sai a duba, ba jini, a ce masa, "Tashi, ba kome." To, sau da yawa raunin yana ciki.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta. Tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai, kamar curin fura a ƙwaryar nono. In aka bugi ƙwarya, furar ta kan daki gefe ko ƙwaryar ba ta fashe ba. Haka ƙwaƙwalwa ta ke girgiza. Kuma ba lalle sai mutum ya suma ba. Yawancin masu wannan rauni ba su suma.

Ga alamunsa: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mantuwa, saurin fushi, da ƙin haske ko hayaniya. Wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu su ke bayyana. Yaro ya kasa riƙe karatu, a ce rago ne. Magidanci ya sāke hali, a ce iskoki ne ko sammu. Alhali kuwa bugun nan ne.

Me za mu yi? Mu zauna tare da mutumin har awa 24. Ya huta kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya koma aiki kaɗan-kaɗan. Kada mu ba shi asfirin, don yana iya ƙara zubar jini a ciki. Kada ya hau babur, ko ya shiga dambe ko ƙwallo, sai ya warke sarai. Bugu na biyu kafin na fari ya warke yana iya kisa. Yawancin manya su kan warke cikin mako 2, yara kuwa har mako 4.

Mu kai shi asibiti nan da nan in yana ta amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko ya ƙi farkawa daga barci. Tsoho kuwa mu sa masa ido har makonni, don jini ya kan taru a kansa sannu-sannu.

'Yan dambe su lura. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana cewa yawan shan naushi a kai ya kan jawo rawar jiki, da tangaɗi, da rikicewar hankali daga baya. Masu babur kuma su sa hular kwano. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Sai mutum ya suma ne ƙwaƙwalwarsa ta ke jin rauni?
2. Faɗi alamu uku da za su sa mu tafi asibiti.
3. Rubuta a allonka: Bugun kai ba wasa ba ne.