Jinyar Baba: Ku Buɗe Littafi

Tambaya: Mahaifinmu yana da hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye. Mu uku muke karɓa-karɓar jinyarsa a Fakku. Rannan aka ba shi magani sau biyu, kowa na zaton ɗan'uwansa bai ba shi ba. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri. Ku sayi littafin 'yan makaranta, ku ajiye shi kusa da shimfiɗarsa. Duk wanda ya ba da magani ya rubuta nan take: rana, lokaci, sunan maganin kamar yadda yake jikin kwali, da sunan wanda ya bayar. Ko da ajami ne, ya wadatar. In an auna jini, a rubuta lambobin biyu, misali 150/90, domin "ya ɗan hau" ba ya gaya wa likita komai.

Abin da ya fi damuna gyambon kwanciya ne. Ku riƙa juya shi duk awa 2, ku duba ƙugu da dunduniya, ku rubuta ranar da fata ta fara sauya launi. Ku tafi da littafin asibitin Kebbe ko Tambuwal, har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato in an tura ku.